A duba kwanon hatsi kafin a saya wa doki garin ƙarin abinci

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai albarka domin in yi magana da 'yan'uwana masu dawaki a zangunan Akra, tun daga Nima da Mamobi har Madina da Ashaiman, game da garin ƙarin abinci da ake tallata mana a robobi da leda, musamman ga dokin da kofatonsa ya taɓa kamuwa da ciwon da likitocin dabbobi ke kira laminaitis. Ra'ayina shi ne yawancinmu muna zuba kuɗi a kan roba, alhali ɓarnar tana cikin kwanon hatsin da muke cika wa dokin safe da yamma.

Bangon kofato yana manne da ƙashin da ke cikinsa ta hanyar wasu siraran tantani masu shiga juna kamar yatsun hannu biyu da aka sarƙe. Idan tantanin nan ya kumbura ya saki, ƙashin yakan karkace ko ya nutse, har tsininsa ya doshi tafin kofato. Mai doki zai ga dabbarsa ta miƙa ƙafafun gaba ta kwantar da nauyinta baya, tana ƙin juyawa a kan siminti, kofaton da zafi, jijiyar da ke bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. Wannan ciwo ne ya sa aka kashe Secretariat, shahararren dokin sukuwar Amurka, a 1989, duk da irin likitocin da ke kansa.

Kimanin tara cikin goma na dawakin da ke kamuwa, matsalarsu tana tasowa ne daga yawan insulin a jini, wato sinadarin da jiki ke fitarwa domin daidaita sukari, ko dai saboda ƙiba, ko saboda cutar wani ƙullutu a ƙasan ƙwaƙwalwa wadda ta fi kama dokin da ya haura shekara 15, har gashinsa ya yi tsawo ya ƙi zuba. Sitaci da sukari su ne ke tayar da insulin. To, a nan ne al'adarmu take yi mana illa, domin mukan ɗaure ingarma a turke wata da watanni ba kilisa, muna ɗura masa masara da dusa domin ya yi ƙosasshen wuya kafin hawan Sallah. Wannan tudun kitse mai tauri da ke ƙarƙashin geza, wanda jama'a ke yabawa ranar hawa, alama ce ta haɗari.

Saboda haka, wanda zai sayi garin ƙari ya fara karanta takardar da ke jikin robar. Sitaci da sukari idan an haɗa kada su wuce kashi 10 cikin 100, kuma idan kamfani bai rubuta adadin ba, gara a bar masa kayansa. A buɗe a shinshina, a murza a tafin hannu. In ya yi danƙo yana ƙanshin rake, an zuba masa molasis, wato baƙin ruwan rake, don doki ya ci da marmari. Abin da irin wannan doki yake buƙata kaɗan ne: zinki da tagulla, bitamin E, kalsiyam, gishiri, da ɗan furotin mai kyau, a cikin garin da ake bayarwa da ƙaramin awo.

Biyotin, wani nau'in bitamin da ake yawan kururutawa, yana taimaka wa ƙahon kofato ya yi ƙwari idan ana ba da miligiram 15 zuwa 20 a kullum, amma ba ya warkar da laminaitis, kuma ba ya aiki sai a sabon kofaton da ke tsirowa. Kofato bai cika yin santimita ɗaya a wata ba, sai an yi wata 9 zuwa 12 kafin ya sake gaba ɗaya, don haka duk mai tallar da ya yi alkawarin sauyi cikin mako biyu ciniki kawai yake nema. Garin magnesiyam da kuromiyam da ake cewa suna daidaita insulin kuwa, gwajin da aka yi a kan dawaki masu laminaitis bai gaskata zancen ba. Maganin ƙarin jini ma ba shi da wuri a nan, domin da wuya doki ya rasa sinadarin ƙarfe. A kuma guji haɗa roba biyu ko uku a lokaci ɗaya, saboda ma'adanin seleniyam da ake sakawa a cikinsu idan ya yi yawa yana zubar da geza da gashin wutsiya, ya tsattsaga kofaton da ake neman gyarawa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne ɗebo garin haɗin abincin kaji ko na shanu a zuba wa doki don ya fi araha. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da wani magani mai suna monensin, wanda kaji da shanu ke jurewa amma yake lalata zuciyar doki, har kimanin giram 1 yana iya kashe mai nauyin kilo 400.

Dusar alkama da ke fitowa daga injinan fulawa na Tema da Takoradi tana da fosforas da yawa da ƙarancin kalsiyam, kuma dokin da aka daɗe ana ciyarwa da ita ƙasusuwan fuskarsa sukan kumbura. Harawa mai kyau, wadda ba ta yi fumfuna ba kuma aka tsince wake ko gyaɗar da ta maƙale a jikinta, tana cike wannan giɓi. Kanwa da muka gada tana da matsayinta a barga, sai dai ba ta maye gurbin zinki ko tagulla.

Dokin da ake son ya rage ƙiba ana ba shi busasshiyar ciyawa kimanin kashi 1.5 cikin 100 na nauyinsa, wato kilo 6 ga mai kilo 400, a raba ta sau uku ko huɗu a yini. A jiƙa ta a ruwa kamar awa ɗaya, a zubar da ruwan a ba shi nan take, domin a zafin Akra jiƙaƙƙiyar ciyawa tana saurin tsami. Jiƙon yana wanke sukari, yana kuma wanke wasu ma'adanai, kuma wannan ne ainihin dalilin da ya sa ake buƙatar garin ƙari. Kada a bar dokin da yunwa, kada kuma a sake shi cikin sabuwar ciyawar ruwan Afrilu da Mayu.

Idan ciwon ya tashi, a janye hatsi nan take, a tsayar da dokin a kan yashi mai laushi, a sa ƙafafunsa cikin ruwan ƙanƙara, a kira likitan dabbobi da mai gyaran kofato. Ina kira ga sarakunan zango da shamakansu su nemi makarantun likitancin dabbobi na Jami'ar Gana da ke Legon da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah (KNUST) da ke Kumasi, domin a riƙa duba dawakin hawa wata uku kafin Sallah, tun ba a fara ɗura musu hatsi ba.

Wassalam.
Mai karatunku,
daga Nima, Akra.