A dawo da launi cikin ɗakunanmu, amma da lissafi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu mai farin jini domin in yi tsokaci a kan wani al'amari da wasu za su ɗauka ƙarami ne, alhali kuwa ya shafi wurin da kowannenmu yake kwana yake tashi, wato launin cikin gidajenmu.

Duk wanda yake shiga sababbin gidajen da ake ginawa a Kano da Kaduna da Zariya da Abuja zai lura cewa falo ɗaya ake ta maimaitawa. Bango fari ne ko ruwan madara, tayil ruwan toka, kujeru ruwan toka ko ruwan ƙasa, labule ma haka, silin kuma fari fat da fitilu farare a jikinsa. Gidan yana da tsafta, an kuma kashe kuɗi, amma da wuya baƙo ya gane ko gidan iyali ya shiga ko ɗakin jira na wani otal. Ba ina kushe farin bango ba ne, domin yana ƙara wa ɗaki haske, yana sa ƙaramin ɗaki ya yi kama da mai faɗi, kuma ya dace da ƙasa mai zafi irin tamu. Abin da nake cewa shi ne farin bango shimfiɗa ce da ake yi domin a ɗora wani abu a kanta, mu kuwa mun yi shimfiɗar mun tsaya.

Wannan tsoron launi baƙon abu ne a wurinmu. Wanda ya taɓa tsayawa a ƙofar fadar Zazzau, ko ya shiga sorayen fadar Kano da ta Dutse, ko ya zaga unguwar Birni a Damagaram, ya san cewa maginanmu sun iya haɗa ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa a zane ɗaya ba tare da ido ya gaji ba. A Kano har yanzu ana rini da baba a marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa an kafa ta tun shekarar 1498, jar fatar akuyar Sakkwato kuwa ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. Ko a ɗakin talaka, iyayenmu mata suna yaɓe da farar ƙasa, sannan su yi jere da kwanuka da tasoshi masu fure, su rataya faya-fayi masu rini, su shimfiɗa tabarma mai ratsin ja da kore. Idan aka lura da kyau, dabararsu ita ce abin da masu ƙawata gida na zamani suke koyarwa a yau: a bar mafi yawan ɗakin da launi mai sanyi, a tara launi mai ƙarfi a wurare kaɗan inda ido zai sauka.

Masu wannan sana'a suna da wani ma'auni da suke yawan ambato, cewa kashi 60 cikin ɗari na abin da ido yake gani a ɗaki ya zama launi na asali, kashi 30 launi na biyu, kashi 10 kacal launi mai ƙarfi. Ba doka ba ce, amma tana hana ɓarna. Kamar babbar riga ce ta farar shadda, wadda aikin zare a wuya da aljihu yake fito da darajarta, da kuwa an cika ta da aiki tun daga kafaɗa har ƙasa da babu wanda zai ga kyan aikin. Saboda haka mai falon da yake fari da ruwan toka ba ya buƙatar ya sake fenti ko ya sayar da kujerunsa. Ya zaɓi launi ɗaya da yake so ƙwarai, a ce shuɗin baba mai duhu, ya sa shi a labule, ya maimaita shi a matasan kujera biyu ko uku, ya kuma nemi kilishin ƙasa mai ɗan ratsinsa. Maimaitawar nan ita ce sirrin, domin launin da ya bayyana sau ɗaya tak a ɗaki yakan zama kamar kuskure, wanda ya bayyana a wurare uku kuwa kowa zai san da niyya aka sa shi. Idan yana son na biyu, tumtum guda biyu na jar fata a gefen kujera sun wadatar, kuma ja da shuɗi a kan fari haɗi ne da idonmu ya saba da shi tun kaka da kakanni. Wannan hanya ita ce ta fi dacewa da 'yan haya, waɗanda mai gida ba zai yarda su taɓa bango ba, ga shi kuma kuɗin yana shiga aljihun dukawa da marina da masu saƙar faifai na garinmu.

Wanda gidan nasa ne, kuma yake son ya kai ga fenti, shawarata ita ce ya fara da bango ɗaya, wanda yake bayan doguwar kujera ko bayan gado, ya bar sauran ukun yadda suke. Kada ya dogara da ɗan katin launi da mai shago zai nuna masa, domin launi yakan ƙara ƙarfi idan ya mamaye bango, kuma yakan sauya bayan ya bushe. Ya sayi ƙaramin gwangwani, ya sa a shafa masa faɗin kamu biyu a jikin bangon, ya duba shi da hantsi, ya duba da la'asar, ya sake dubawa da dare bayan an kunna fitila. Farin ƙwan fitila yakan dusashe ja da ruwan goro, ƙwai mai hasken ɗorawa kuma yakan mayar da shuɗi kamar ya yi datti, don haka da fitilar da za a zauna da ita ya kamata a yi gwajin. A kuma tuna da yanayinmu: ƙurar hunturu tana fitowa fili a kan launi mai duhu, rana mai ƙarfi tana koɗar da labulen da ba a yi wa shafi ba, bangon da yake tsotsar danshi da damina kuwa zai ɓare kowane irin fenti idan ba a gyara shi tukuna ba.

Akwai wani gargaɗi da ba zan iya tsallakewa ba, tun da ina kira ga launuka masu ƙarfi. Binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna cewa fentin mai, musamman ruwan ɗorawa da ja da ruwan goro, shi ne aka fi samu da gubar dalma, domin wasu masana'antu suna amfani da sinadaran dalma wajen fito da waɗannan launuka. Idan irin wannan fenti ya tsufa ya fara ɓarewa, yaro mai rarrafe yana kai ƙurarsa baki, dalma kuwa tana lalata ƙwaƙwalwar yara lalacewar da ba ta gyaruwa. Mu a Arewa mun ga abin da dalma take yi a shekarar 2010 a Zamfara, inda ɗaruruwan yara suka rasu, ko da yake a can daga haƙar zinariya ta fito. Majalisar Ɗinkin Duniya tana ba ƙasashe shawarar kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan a fenti. Don haka bangon cikin ɗaki a yi masa fentin ruwa, idan kuma ƙofa ko taga za a shafa wa na mai, a karanta jikin gwangwanin a tabbatar an rubuta cewa babu dalma, a guji wanda ake aunawa a kwalba ba suna ba adireshi.

Ina kira ga masu fenti da masu zanen gini su daina miƙa wa kowane mai gida ruwan toka kafin ma ya buɗe baki, su riƙa nuna masa abin da zai yiwu. Hukumomin da ke kula da ingancin kaya kuma su shiga kasuwannin kayan gini su gwada fentin da ake sayar wa jama'a, su sanar da sakamakon da Hausa a rediyo da jaridu.

Na gode da wannan dama da ka ba ni.

Naka,
Mai karanta jaridarka a kullum, daga Zariya