Zuwa ga Uwata, kan abin da ya faru a imajansi

Uwata,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Mamanki ta faɗa mini cewa daren Talata ɗan'uwan wani mara lafiya ya ɗaga miki hannu, kuma kin ce kada a gaya mini. Ranar ban runtsa ba.

Ni ma an taɓa cin kwalata ina aikin jinya. Wani dattijo ne aka kawo ɗansa daga haɗarin mota. Muna ta fafutukar neman jini har rai ya yi halinsa. Na fito da safar hannu duk jini, ya shaƙe ni har maɓallan rigata suka watse. Sai daga baya na gane awa 2 ya yi a tsaye bakin ƙofa, babu wanda ya ce masa uffan.

Saboda haka ki riƙa leƙowa. Ko minti ɗaya ne, ki ce: "Baba, mun sa masa ruwa, jini muke jira." Idan kin tsallake wanda ya riga zuwa kin kama wanda numfashinsa ke sarƙewa, ki faɗi dalili da bakinki, don ɗan'uwan mara lafiya layi yake gani, bai san wanda ya fi kusa da mutuwa ake fara dubawa ba. Kuma kada maganar kuɗin kati ta zama farkon abin da za ki furta. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, wata doka ta 2017 kuma ta ce a duba wanda aka harba ba sai an jira takardar 'yan sanda ba.

Labarin rasuwa kuwa, kada ki ƙara kai shi ke kaɗai. Ki ware babba ɗaya cikin dangi, ki zaunar da shi, nas na gefenki, mai gadi na kusa, ƙofa kuma tana bayanki.

Amma Uwata, duk wannan bai halatta wa kowa taɓa ki ba. Na san manya za su zo ba da haƙuri, a ce zafin rashi ne. Ki yafe in kin ga dama, amma bayan kin rubuta rahoto: rana, lokaci da shaidu, ki miƙa wa shugaban sashe da ƙungiyarku ta likitocin Najeriya, wato NMA. Ni shiru na yi a lokacina, ba a ƙara mana mai gadi ko ɗaya ba, bayan 'yan watanni aka fasa wa wata abokiyar aikina baki a wannan ƙofar. Har yau abin yana ci mini rai.

Mamanki ta ce kuncinki ya kumbura. Ki bari wani likita ya duba kunnen, kada ki duba kanki. Ranar Juma'a bayan masallaci zan shigo, ina so in ga kwafin rahoton.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki.

Babanki