A ci gaba da ba mu dariyar jami'a, amma a sassauta wa ɗalibai mata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina daga cikin masu bibiyar shafinku na gajerun labarai, musamman na barkwanci da ake ginawa a kan zaman jami'a da soyayyar samari da 'yan matan zamani. Ina roƙon kada a rufe wannan shafi, domin a halin da ake ciki na tsadar rayuwa, wanda ya sa ka dariya ya yi maka alheri. Sai dai akwai abin da ya daɗe yana damuna, kuma na ga gara in faɗa.

Kusan duk labarin da aka buga, a kan budurwa dariyar take ƙarewa. Ita ce mai samari uku a waya ɗaya, ita ce mai karɓar kuɗin data a hannun wannan ta yi hira da wancan, ita ce mai watsar da ɗan ajinsu da zarar wani Alhaji ya tsaya da mota a bakin ɗakin kwanan ɗalibai. Saurayi kuwa kullum bawan Allah ne da aka cuta. Ban ce babu irin waɗannan 'yan mata ba. Amma idan mako bayan mako fuska ɗaya ake nunawa, mai karatu zai ɗauka haka kowace ɗaliba take. Shafin nan ba ɗalibai kaɗai ke karanta shi ba, har da iyaye. Akwai uban da 'yarsa ta ci jarrabawar JAMB, yana wasi-wasin ya bar ta ta tafi Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru ko Jami'ar Bayero ko kuwa ya aurar da ita, sai ya ci karo da irin wannan labari. Marubuci ya yi wasansa ya wuce, ita kuwa karatunta ne ya tsaya. A yankin da har yanzu ake lallashin iyaye su bar 'ya mace ta wuce sakandare, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, abin dariya na gaskiya yana nan jibge a jami'o'inmu, ba a taɓa shi ba. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta yi wata takwas tana yajin aiki, daga Fabrairu zuwa Oktoba, bayan wanda ta yi na kusan wata tara a 2020. A duba saurayin da ya je gaban iyayen yarinya ya yi alkawarin turo magabatansa da zarar ya gama digiri, digirin shekara huɗu ya koma shida, ga bautar ƙasa tana jira. Kullum ya zo gaisuwa sai uban ya tambaye shi labarin yajin aiki, har ya zama surukin gobe ya fi shi sanin inda aka kwana a tattaunawa da gwamnati. Wannan labari ne da zai sa a yi dariya har da hawaye, ba tare da an zubar da mutuncin kowa ba. Haka wanda ya gayyaci budurwa cin abinci alhali garau-garau kawai aljihunsa zai iya ɗauka, ko wanda ya tsara kalamai masu daɗi ya tura su cikin zauren WhatsApp na 'yan aji maimakon lambarta, ko masoyan da wayarsu ta mutu ana tsakiyar sasanci saboda an kwana uku babu wuta. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, hatta kuɗin A Daidaita Sahu na zuwa zance ya zama abin lissafi.

Mu fa Hausawa muna da tsarin barkwanci tun kaka da kakanni. Tsakanin Kanawa da Zagezagi, Fulani da Barebari, Katsinawa da Nufawa, ko tsakanin taubasai, kowa yana jifa kuma kowa yana shan jifa, shi ya sa ba a rabuwa da ɓacin rai. Jami'a kuwa ita ce inda duk waɗannan suke haɗuwa a aji ɗaya. Bakano ya faɗa soyayyar Bazazzagiya, ai marubuci ya samu abin rubutawa na shekara guda.

Wani ɗan ƙorafi kuma, wasu labaran rabinsu Turanci ne. Na san haka ɗalibai ke magana, kuma a bakin ɗan wasa yana da daɗi, amma idan mai ba da labarin ma ya koma haka, an bar iyayenmu da ƙannenmu a baya.

Roƙona shi ne ku buɗe ƙofa ga ɗalibai mata su aiko da nasu labaran. Gasar gajerun labarai ta mata, Hikayata, da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta nuna cewa mata masu alƙalami suna da yawa. Ku sanar a sassan Hausa na jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Katsina, ku ware musu ko da mako ɗaya a wata, mu ji yadda su ma suke kallon samarin da ke aron takalmi da turare kafin su zo zance.

Na gode da ba ni wannan fili.

Taku,
wata malamar sakandare daga Zariya