Zuwa ga abokina mai rubuta manhaja kyauta

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kai da iyali kuna lafiya. Mu nan sai godiya.

Saƙonka ya tsaya mini a rai. Ka ce masu amfani da manhajar lissafin kuɗin makarantar da kake rubutawa sun sa ka gaba: wannan na son littafin jagora, wancan na son a mayar da ita Hausa, wani kuma ya tashe ka tsakar dare don firinta ta ƙi fitar da rasit. Kana tambaya ko dole ne ɗan sa-kai ya ɗauki duk wannan bayan rubutun manhajar.

Wallahi ba dole ba ne, kuma ina jin tsoron ka ɗauka.

Ka tuna abin da ya sami XZ Utils, ƙaramar manhajar matse fayil da ke cikin kusan kowace Linux, wato tsarin sarrafa kwamfuta na kyauta. Lasse Collin ya yi shekaru yana riƙe da ita kusan shi kaɗai, ba albashi. A 2022 wasu suka yi ta matsa masa, wai aiki ba ya sauri, ya nemo mataimaki. Shi da kansa ya faɗa musu ya gaji, lafiyarsa ma ba daidai take ba. Ta wannan gajiyar wani mai kiran kansa Jia Tan ya samu shiga, ya yi ta aikin kirki har aka amince da shi, sannan ya dasa ɓoyayyiyar ƙofa a cikin manhajar, wato hanyar yin kutse cikin kwamfutocin mutane a asirce. Sai a Maris 2024 wani injiniyan manhaja, Andres Freund, ya gano, shi ma don ya lura shiga ta SSH, hanyar shiga kwamfuta daga nesa, ta ƙara jinkirin kamar rabin daƙiƙa. Ba ƙwarewa Collin ya rasa ba, hutu ya rasa.

Sai dai akwai aiki guda da ba zan ɗauke maka ba: buɗe wa wasu ƙofa. Ka zauna ka rubuta shafi biyu kacal, yadda ake ɗora manhajar da inda ake kai ƙorafi. Idan yaro ya turo gyara, ko da ya kwafsa, ka amsa masa da daɗin baki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Debian ma, ƙungiyar 'yan sa-kai mai haɗa wani nau'in Linux, tun 2010 ta amince mai fassara ko mai rubuta jagora ya zama cikakken memba, ya yi zaɓe kamar kowa.

Mutanen kuma akwai su. Ɗaliban Kaduna Poli da na Jami'ar Jihar Kaduna (KASU) da yawa na neman inda za su gwada hannu, kuma akawun makarantar da ke amfani da manhajar kullum ya fi ka sanin tambayoyin 'yan uwansa. Ka ba su fassara da amsa tambayoyi. Izinin shigar da gyara cikin manhajar kuwa, kada ka ba wanda ba ka san shi ciki da waje ba.

Ni na ɗauki fassarar. Turo mini fayil ɗin kalmomin a makon nan, kuma ka duba ko ƙ, ɗ da ɓ suna fita daidai a rasit, don wasu firintocin alamar tambaya suke bugawa a madadinsu.

Ka gaida Hajiya da yara.

Naka,
abokinka na Kaduna