Bayanin kwamitin zaman lafiya kan kuɗin bohol ɗin tsakanin unguwanni

Salamu alaikum jama'a, da 'yan uwanmu na coci barkanku. Maganganu sun yi yawa, har a kasuwar Sumaila an tare ma'ajinmu ana tambayarsa wai ina kuɗin bohol, shi ya sa muka ce bari mu fito mu yi bayani.

Kowa ya san mafarin abin, rigimar layin ruwa ce tsakanin matan unguwar masallaci da na unguwar coci, daga faɗan jarka har ta kai ana ambaton addini. Dagaci ya zaunar da liman da fasto, aka kafa kwamiti rabi da rabi, aka yi karo-karo.

To inda kuɗin ya tafi shi ne rami na farko, kuma ba za mu ɓoye ba laifinmu ne. Mai awon ruwa ya zo da na'urarsa ya zagaye garin, ya ce ruwa na bayan coci. Mu kuma muka ce ina, in aka haƙa a can gobe za a ce an kai wa Kiristoci, in aka kai gindin masallaci su ma su ce haka, sai muka dage a haƙa a tsakiya daidai wajen tsamiyar nan. Kun san ƙasarmu ta Kano ta kudu dutse ne a ƙasa, ba irin yashin Haɗeja ba. Kwana biyu inji na ta nishi, ban da farar ƙura ba abin da ke fitowa, duk wanda ya tsaya a wajen sai da gashin idonsa ya yi fari. Mai inji kuma da ruwa ko ba ruwa kuɗin mitarsa zai karɓa, ga gas ya haura naira 1,000 lita. Masu cewa mun ci, wallahi ko kuɗin mashin ɗin zirga-zirga daga aljihunmu muke biya, rasit na nan wajen ma'aji duk mai so ya je ya gani. Da daren nan liman da kansa ya ce a koma inda mai awo ya nuna tun farko, fasto kuma ya sa hannu a gaban dagaci cewa wajen na gari ne ba na coci ba. Washegari kafin la'asar ruwa ya yi tsiri.

Godiya ta musamman ga Alhajinmu na Kantin Kwari da ya biya haƙa na biyu shi kaɗai bai ko so a faɗa ba, Allah ya ƙara buɗi, ya jiƙan mahaifa. Zumuntar mata ta coci sun kawo baikon da suke tarawa a coci na wata guda cur, kuma su suka riƙa dafa wa leburori. 'Yan ci-raninmu na Legas ma sun yi ƙoƙari.

Amma fa tuka-tuka kawai muka iya sawa, kuma tun asuba layi ke kaiwa bakin hanya, jiya ma saura kaɗan a sake kaurewa. Saura tanki da samo, wato injin da ke turo ruwa daga cikin rami, da fanel ɗin sola, sai siminti na dandamali dan wajen ya fara zama caɓi. Dan Allah waɗanda suka yi alkawari ranar taro su cika kafin damina, ko buhun gero ne a kawo za mu sayar. Za a yi sanarwa bayan sallar Juma'a, ran Lahadi kuma a coci.