Ƙaryar da ake yi wa akwatin zaɓe ta fi kowace haɗari

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarmu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan ƙarairayin lokacin zaɓe.

Ƙaryar da ake yi wa ɗan takara ba kasafai take sauya ra'ayin kowa ba. Wanda ya gaskata ta, da ma can ba ya ƙaunar mutumin. A 2018 an baza cewa Buhari ya rasu, wai wani Jubril aka ɗauko daga Sudan ya maye gurbinsa, har sai da ya fito a Poland ya ce shi ne dai. Ban ga masoyinsa ko ɗaya da ya juya masa baya saboda wannan zance ba.

Wadda ke tayar mini da hankali ita ce wadda ake yi wa ƙidayar ƙuri'a. A Amurka, Biden ya ba Trump ratar ƙuri'a sama da miliyan 7 a 2020. Ɓangaren Trump ya kai ƙara fiye da 60, kusan duka kotuna suka yi watsi da su, amma hakan bai hana magoya bayansa afka wa majalisa ranar 6 ga Janairu, 2021 ba. A Brazil, tun 1996 ake zaɓe da na'ura. Bolsonaro, wanda na'urar nan ce ta ƙirga nasararsa ta zama shugaban ƙasa a 2018, ya yi ta kushe ta tun kafin a kaɗa ƙuri'a. Da abokin hamayyarsa Lula ya ci zaɓen 2022 da kashi 50.9 cikin ɗari, ranar 8 ga Janairu, 2023 mutanen Bolsonaro suka fasa majalisa da kotun ƙoli da fadar shugaban ƙasa. Yawancinsu ba 'yan daba ba ne fa, an riga an cusa musu cewa faɗuwa ba ta yiwuwa sai da maguɗi.

A nan nake da ƙorafi a kanku 'yan jarida. Kuna jira sai ƙarya ta gama zagaya WhatsApp cikin saƙon murya, sannan ku ƙaryata ta a rubuce, ihu bayan hari. Tun kafin ranar zaɓe ya kamata ku bayyana wa jama'a yadda ake ƙirga ƙuri'a a rumfa, wa ke sa hannu a takardar sakamako, me wakilin jam'iyya ke riƙewa, kuma me ya sa sakamakon wasu wurare ke jinkiri. Ku naɗe bayanin da murya, gajere, yadda wanda bai iya karatu ba zai saurara ya tura wa ɗan'uwansa.

Na gode.

Wani malamin makaranta mai ritaya