Katin banki ba iri ɗaya ba ne, ko da tambarin ya zo ɗaya

Ya Edita, assalamu alaikum.

Ina roƙon ka ba ni fili in yi tsokaci kan wani ruɗani da nake gani a tsakanin 'yan kasuwarmu da ma'aikatanmu a nan Damagaram. A watan jiya ɗan ƙanena, wanda ke da shago a Kasuwar Dole kuma yake shirin fita ƙasar waje saro kaya, ya kawo mini takardun wani kati da wani banki ya yi masa tayi, ya ce: "Baba, duba mini, ai irin katin da ke aljihunka ne." Da na karanta sai na ga ba irinsa ba ne ko kaɗan, tambarin Visa ne kawai ya haɗa su.

Katin da akasarinmu muke riƙe da shi na cire kuɗi ne, wato abin da ka ajiye a asusunka shi kake taɓawa, in ya ƙare kati ya tsaya. Wannan ba bashi ba ne, don haka na bar shi. Maganata tana kan kati biyu da ake cin bashi da su, waɗanda mutane ke haɗawa su kira su duka katin kiredit.

Na farko shi ne wanda zan kira katin biyan ƙarshen wata. Duk ma'aikacin da ya taɓa buɗe littafi wajen mai kantin unguwarsu ya san yadda yake aiki: ana ɗaukar shinkafa da mai da sukari ana rubutawa, ranar da albashi ya fito a biya duka, ba a bar ko dala ba, a buɗe sabon shafi. Ba a ɗora kuɗin ruwa, domin ba a yarda bashin ya tsallaka wata ba. Kamfanonin da ke bayar da katin suna samun nasu ne daga kuɗin shekara da mai kati ke biya da kuma kason da suke cirewa daga ɗan kasuwar da ya karɓi katin, wanda ya makara kuma a ci shi tara ko a rufe masa katin. Shi ne ma babba a shekaru, domin kamfanin Diners Club ya fito da shi a birnin New York a 1950 don biyan kuɗin abinci a gidajen cin abinci, American Express kuma ya bi sahu a 1958. Abin da bankunan Faransa ke kira débit différé ɗan'uwansa ne na kusa.

Na biyu shi ne katin bashi mai juyawa. A wannan shekara ta 1958 ne Bank of America ya rarraba katin BankAmericard a garin Fresno na jihar Kalifoniya, wanda ya koma Visa a 1976, kuma sabon abin da ya zo da shi shi ne cewa ba dole ba ne ka biya duka a ƙarshen wata. Ana yanka maka iyakar abin da za ka iya ci, a nemi ka biya wani ɗan ƙaramin kaso, sauran ya wuce wata na gaba ɗauke da kuɗin ruwa. Sauƙi ne a ido, amma bari mu yi lissafi. A farkon 2014 aka sa wa bankunan ƙasashen da ke ƙarƙashin BCEAO, wato babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, iyakar kuɗin ruwa ta kashi 15 cikin 100 a shekara, ƙananan cibiyoyin ba da rance kuma kashi 24. Mu ɗauki kashi 15 ɗin, mu ce mutum ya ci bashin sefa 500,000. Kuɗin ruwan wata guda 6,250 ne, don haka idan ya biya jika 10, wato sefa 10,000, a watan, 3,750 kacal suka rage uwar kuɗin, sauran sun tafi wa banki. Mai irin wannan biya zai shekara shida yana jin yana sauke nauyi alhali bai gama ba. A ganina wanda ke juya kuɗinsa da sauri, kuma ya san ranar da cinikinsa ke shigowa, katin farko ya fi masa, domin yana tilasta masa ya tsaya inda ƙarfinsa ya tsaya, ko da yake wanda kayansa suka maƙale a kan iyaka zai ji zafin ranar biya ƙwarai.

Akwai kuma abin da ya fi damun jama'armu, wato hukuncin addini. Ni ba malami ba ne, amma Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Riyad a shekarar 2000, ta yanke cewa bai halatta a bayar ko a yi hulɗa da katin bashi da aka gindaya wa sharaɗin kuɗin ruwa ba, ko da mai shi ya ƙudura biya kafin wa'adi, ta kuma halatta wanda babu wannan sharaɗi a cikinsa. Ke nan katin ƙarshen wata ma sai an duba abin da aka rubuta game da tarar jinkiri kafin a kai wa malami tambaya.

Ɗan nawa na mayar da shi bankin da tambaya ɗaya: idan wata ya ƙare ban biya duka ba, me zai faru, kuma a wane shafi aka rubuta shi? Takardun nan da Faransanci ake rubuta su, da ƙananan baƙaƙe, yawancin masu sa hannu kuwa ba sa karanta shi. Shi ya sa nake roƙon jaridarku ta tura wakilinta rassan bankunan da ke Zinder, ya tambayi kowanne irin katin da yake bayarwa, da kuɗin shekararsa, da kuɗin ruwansa, da tararsa, ku buga mana amsoshin da Hausa.

Wassalam.

Wani tsohon akanta,
Unguwar Birni, Damagaram.